Yadda Ake Kwantar da Hankalin Ƙaramin Yaron da Ya Ga Tashin Hankali, a Gina Masa Juriya

Wannan bayani na wanda ke riƙe da yaro ne ɗan ƙasa da shekara shida da ya shiga wani mawuyacin hali: rasuwar uwa ko uba, rabuwar aure mai cike da rigima, duka da zagi, gudun hijira, doguwar jinya, ko zama a gidan da kullum ake cikin fargaba. Na daɗe ina zama da iyaye da masu riƙo a kan irin waɗannan yara, kuma kusan kowa da tambaya ɗaya yake zuwa: "To yanzu me zan yi masa?" Aikin na watanni ne, wani lokaci har shekaru, amma da abin da ke hannunku za ku fara shi.

Kayan aiki

Na farko, wanda ba shi da madadi, shi ne babban mutum guda ɗaya da yaron zai gani yau, ya gani gobe, ya gani jibi. Ba lallai sai mahaifi ko mahaifiya ba. Kaka, gwaggo, kawu, yaya, duk suna iya tsayawa a wannan gurbi. Masaniyar halayyar yara Emmy Werner ta bi rayuwar yara 698 da aka haifa a tsibirin Kauai na Hawai a 1955 har suka girma. Cikin waɗanda suka taso a talauci da rikicin gida, kusan ɗaya cikin uku sun zama manya masu natsuwa da riƙon kansu, kuma abin da ya fi haɗa su shi ne kowannensu ya samu wani babba da ya riƙe shi da gaske tun yana ƙarami.

Sauran kayan masu sauƙi ne:

- Ƙaramin littafi da biro. In rubutu zai yi wuya, ku naɗi murya a waya kowane dare.
- Minti goma zuwa sha biyar a kullum da babu waya, babu aiki, babu baƙo.
- Abin wasa: 'yar tsana, ƙwallo, takarda da fensir mai launi. In babu, kwali da cokali da tsohon ƙyalle sun wadatar. Ɗan ƙasa da shekara uku kada a ba shi ƙananan abubuwan da zai iya haɗiyewa.
- Wani abu mai laushi da zai zama nasa shi kaɗai, kamar ƙaramin bargo ko rigar wanda yake kewa.
- Mutum na biyu, wanda zai karɓe ku ranar da kuka gaji. Ku neme shi tun yanzu, ku gaya masa abin da kuke ciki.

Abin da ke faruwa a jikinsa

Idan yaro ya tsorata, jikinsa kan saki sinadaran adirenalin da kotisol. Zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya yi sauri, jiki ya ɗaure. Wannan kariya ce, kuma kowane yaro na buƙatar ɗanɗana ta. Jack Shonkoff da abokan aikinsa a Jami'ar Harvard sun raba lamarin gida uku. Akwai ƙaramar damuwa mai amfani, irin ta allurar rigakafi ko ranar farko a makaranta. Akwai babba wadda ake iya jurewa, kamar rashin wani na kusa, muddin akwai babba a gefen yaron. Sai damuwa mai guba: tsoro mai tsanani, mai maimaituwa, wanda babu mai kwantar wa yaro da shi. A nan jikin ya zama kamar injin da aka bari a kunne dare da rana, kuma a daidai shekarun da ƙwaƙwalwa ke ƙulla sababbin mahaɗai tsakanin ƙwayoyinta sama da miliyan ɗaya a kowace daƙiƙa.

Tsakanin 1995 da 1997, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka (CDC) da cibiyar lafiya ta Kaiser Permanente sun tambayi manya sama da 17,000 game da ƙuruciyarsu. Vincent Felitti da Robert Anda ne suka jagoranci aikin, sakamakon farko ya fito a 1998. Kusan biyu cikin uku sun fuskanci aƙalla nau'i ɗaya na wahalar ƙuruciya, kuma iya yawan nau'o'in, iya ƙaruwar haɗarin ciwon zuciya, ciwon damuwa da shaye-shaye. Wannan lissafin taron jama'a ne, ba ya yanke wa yaronku hukunci. Abin da ke raba damuwar da ake jurewa da mai guba, sau da yawa, shi ne mutumin da ke tsaye kusa da yaron.

Mataki na 1: Ku tsayar da abin da ke firgita shi

Babu wasa ko rarrashin da zai yi aiki matuƙar abin tsoron yana nan. In ana dukansa, a daina. In wani ne ke cutar da shi, a raba su yau, ko da wane ne. In faɗan manya ne, a fitar da shi daga gabansa, kuma ku sani jariri ma da bai san magana ba yana jin tashin murya a jikinsa.

Idan yaro ya faɗa muku wani ya taɓa shi ta hanyar da ba ta dace ba, ku yarda da shi, kada ku titsiye shi da tambayoyi, ku ce masa, "Ka kyauta da ka gaya mini. Ba laifinka ba ne." Ku kai shi asibiti nan take, domin maganin kariya daga cutar HIV a cikin awa 72 ake fara shi. Sannan ku sanar da hukumar da ke kare yara a inda kuke.

Kuskuren da ake yawan yi a nan shi ne yawo da yaro hannu-hannu: wata biyu a wannan gida, wata uku a wancan. Kowa na ganin taimako yake yi, shi kuwa yaron kowace ƙaura sabon rashi ce gare shi. Ku zauna ku tsayar da gida ɗaya. A wani bincike da aka fara a Bukares ta Romaniya a 2000 kan yara 136 na gidajen marayu, waɗanda aka ba wasu iyalai riƙonsu kafin su cika shekara biyu su ne suka fi farfaɗowa. Saurin yanke shawara yana da muhimmanci.

In abin ya fi ƙarfinku, kamar talauci ko zaman gudun hijira, ku tsare abin da kuke iya tsarewa: ya kwana kusa da mutum ɗaya kullum, kuma kada a riƙa maimaita munanan labarai ko nuna hotunansu a gabansa.

Mataki na 2: Ku fara da naku hankalin

Ƙaramin yaro ba ya iya saukar da tsoronsa shi kaɗai, daga jikin babba yake aron natsuwa. In kun zo masa zuciyarku na tafasa, tafasar zai ɗauka. Kafin ku taɓa shi, ku ja numfashi a hankali sau uku, fitarwar ta fi shaƙar tsawo, ku saki kafaɗu. In kun ji hannunku na neman tashi, ku ajiye shi a wurin da ba zai ji ciwo ba, ku fita na minti biyar, ku kira mutumin nan na biyu. Kada a taɓa jijjiga jariri don ya yi shiru. Jijjiga na 'yan daƙiƙoƙi na iya jawo zubar jini a ƙwaƙwalwa.

Uwar da ta yi makonni ba ta jin daɗin komai, ba ta barci, tana kuka ba dalili, ita ma mai neman magani ce. Duba lafiyarta yana cikin kula da yaron.

Mataki na 3: Mako guda na lura

Kada ku gyara komai tukuna. Duk lokacin da ya birkice, ku rubuta abu uku: ƙarfe nawa ne, me ya faru daf da nan, me ya kwantar da shi. Ku rubuta barcinsa da cinsa.

Alamomin ba iri ɗaya ba ne. Wani zai koma fitsarin kwance bayan ya daina, ko tsotsar yatsa, ko maganar jarirai. Wani ya maƙale muku ko banɗaki ba ya bari ku shiga. Wani cizo da duka, wani ciwon ciki da likita bai ga dalilinsa ba. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne wanda ake yabo, "yaron nan ba ruwansa, ko kuka ba ya yi." Yaron da ya daina neman kowa sau da yawa ya fid da rai ne cewa za a amsa masa, kuma shi ake mantawa.

Bayan kwana bakwai ku karanta abin da kuka rubuta. Galibi za ku ga zaren: faɗuwar rana, ƙarar ƙofa, muryar namiji mai ƙarfi, lokacin da kuka ɗauki jaka za ku fita, ko yunwa kawai.

Mataki na 4: Ku kafa tsarin yini

Yaron da duniya ta juye masa yana samun sauƙi idan ya san abin da zai biyo baya. Ku tsayar da abu uku kawai: lokacin tashi, lokutan cin abinci, da shirin kwanciya. Shirin kwanciyar ya zama jeri ɗaya kowane dare, misali wanka, sa kaya, ɗan labari, kashe fitila. Ɗan shekara 1 zuwa 2 na buƙatar barcin awa 11 zuwa 14 a yini har da na rana, ɗan 3 zuwa 5 kuma awa 10 zuwa 13. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kada a zaunar da ɗan ƙasa da shekara biyu gaban allon waya ko talabijin, ɗan 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya. Ku cire waya daga shirin kwanciya gaba ɗaya.

Kada ku sulale ku fita don gudun kukansa. Ku gaya masa, da ma'aunin da ya sani: "Zan fita, zan dawo bayan ka tashi daga barcin rana." Zai yi kuka, amma in kun dawo a lokacin da kuka faɗa, kun ajiye tubali ɗaya. Alƙawarin da ba ku da tabbas a kansa, kada ku ɗauka.

Mataki na 5: Abin yi a lokacin da ya birkice

A nan ne yawancin mutane ke sarewa, don haka zan tsaya a kai. Ɗauki misalin yarinya 'yar shekara huɗu. Iska ta buga ƙofa, ta saki abin da ke hannunta, ta shige ƙarƙashin gado, jikinta na rawa. Ko kuma akasin haka, ta faɗi ƙasa tana ihu tana shure-shure.

Ku durƙusa ku yi daidai da tsayinta, ta gefe, kada ku tsaya mata a ka. Ku sassauta murya. Kalmomi kaɗan: "Ina nan. Iska ce ta buga ƙofa. Babu mai taɓa ki." Ku maimaita su a hankali. Kada ku jawo ta da ƙarfi, kada ku ce "me aka yi miki?", kada ku fara nasiha. A wannan lokaci ɓangaren ƙwaƙwalwarta mai sauraron dalili ba ya aiki sosai, duk bayanin da za ku yi asara ne.

Ku miƙa hannu ku bar shi a buɗe. In ta zo, ku rungume ta da ɗan ƙarfi, ku riƙa lilo da ita a hankali, kuna numfashi mai tsawo yadda za ta ji shi a ƙirjinku. In ta ƙi taɓi, kuma yaran da aka daka ko aka ci zarafinsu sukan ƙi, kada ku tilasta. Ku zauna a ƙasa kusa da ita, ku tura mata bargonta, ku yi shiru. Zaman ma aiki ne.

Idan kuka ga kukan ya fara sauka, sai ku kawo numfashi ta hanyar wasa. Ku ɗaga yatsu biyar ku ce kyandirori ne, ta hure su ɗaya bayan ɗaya, kuna lanƙwasa duk wanda ta hura. Ko ku kwantar da ita, ku ɗora 'yar tsana a cikinta, ta riƙa ɗaga ta tana saukewa da numfashi. Ku koya mata wannan tun a lokacin da take cikin walwala, domin ba a koyon sabon abu cikin firgici. Daga nan ruwan sha, sannan magana.

Yana iya ɗaukar minti ashirin ko fiye. In tana dukan ku, ku riƙe hannun a hankali ku ce, "Ba zan bari ki doke ni ba, amma ina nan." Kada a kulle ta a ɗaki ita kaɗai, musamman in rashin wani ne asalin damuwarta. Kada a tsorata ta da dodo, ɗan sanda, allura, ko "zan tafi in bar ki." Za ta yi shiru nan take, tsoron kuma ya ƙara zurfi.

Mataki na 6: Minti goma na wasa, shi ne jagora

Kullum a lokaci ɗaya, ku zauna a ƙasa ku bar shi ya zaɓi wasan. Aikinku ku kalla, ku kwaikwaya, ku faɗi abin da kuke gani: "Ka ɗora ja a kan shuɗi. Ya faɗi. Za ka sake." Banda gyara, banda tambayar jarrabawa irin "wannan wane launi ne?" In jariri ne, ya yi gwalantu ku amsa, ya nuna abu ku kalla ku faɗi sunansa, sannan ku dakata ya mayar muku. Wannan 'yar musayar ita ke ƙulla mahaɗan ƙwaƙwalwa. Masanin halayyar jarirai Edward Tronick ya nuna haka a shekarun 1970: aka ce uwa ta daskarar da fuskarta na ɗan lokaci, nan da nan jaririn ya shiga neman hankalinta, da ya rasa sai ya rikice, da ta dawo masa kuma ya fara saukowa.

Kada ku raina wannan zama. A Jamaika, a tsakiyar shekarun 1980, an riƙa ziyartar gidajen yara masu tsumburewa mako-mako har shekara biyu ana koya wa iyaye mata wasa da su. Bayan kimanin shekara ashirin, abin da waɗannan yara ke samu a sana'a ya fi na takwarorinsu da ba a ziyarta ba da kusan kashi 25 cikin 100.

Wani lokaci zai sako abin da ya gani cikin wasan: 'yar tsana ta doki 'yar tsana, mota ta kife, a rufe wani da ƙyalle. Kada ku hana, haka yara ke narkar da abin da ya fi bakinsu. Ku ce, "Ta ji tsoro. Wa zai zo ya taimake ta?" In ba ku da minti goma a jere, ku sa su cikin wanka ko sa kaya. In yaran na da yawa, a yi karɓa-karɓa, kowa ya san ranarsa.

Mataki na 7: Ku ba abin da yake ji suna, ku gaya masa gaskiya

"Ka ji haushi don an karɓe maka." "Kana kewar Mama." Yaron da ya samu kalma yakan rage amfani da haƙori da hannu. Ku guji "ai ba komai" da "namiji ba ya kuka."

Game da rasuwa, kada a ce "ya yi tafiya" ko "yana barci." Na farko zai sa shi zaman jira a bakin ƙofa, na biyu zai sa shi tsoron rufe ido. Ku ce, "Baba ya rasu. Jikinsa ya daina aiki, ba zai dawo ba. Ba wani abu da ka yi ne ya jawo ba. Ni zan kula da kai." Ku ƙara da abin da kuka yi imani da shi cikin kalmomi masu sauƙi. Ɗan ƙasa da shekara biyar bai gama gane cewa mutuwa ba ta da komowa ba, saboda haka zai sake tambaya gobe, da jibi. Ku ba shi amsa iri ɗaya, da haƙuri iri ɗaya. A rabuwar aure ma haka, kuma kada ku zagi ɗayan a gabansa.

Mataki na 8: Iyaka ba tare da duka ba

Tausayi ba ya nufin a sakar masa komai. Yaron da ba shi da iyaka ma a tsorace yake. Ku zaɓi doka biyu ko uku, gajeru, kowa a gidan ya san su. In ya karya, a bar shi ya natsu tukuna, sannan ya gyara ɓarnar: ya zubar, ya goge tare da ku. Ku yabi abin da ya yi daidai da sunansa: "Na ga ka jira har ƙanwarka ta gama." Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fitar da matsaya a 2018 cewa duka da tsawa da kunyatarwa ba sa gyara hali, suna ma ƙara tsaurin kai. Ga yaron da tsoro ya riga ya cika wa jiki, illar ta ninka. Ranar da kuka yi masa tsawa, ku koma ku ce, "Na ɗaga murya, ban kyauta ba. Ina son ka."

Mataki na 9: Ƙananan ƙalubale

Sai barci da ci sun fara daidaita ake shiga wannan. Ku ba shi aikin da ya ɗan fi ƙarfinsa kaɗan: sa takalmi, zuba ruwa a kofi, kwashe kayan wasa. In ya kasa, ku ƙirga goma a zuci kafin ku sa hannu, sannan ku taimaka da rabi kawai. Ku ba shi zaɓi tsakanin abu biyu, wannan riga ko waccan, don ya ji yana da ta cewa. Ku bar shi ya yi gudu da tsalle sosai. Sannan a faɗaɗa masa mutane a hankali, aboki ɗaya, sai babba na biyu. In zai shiga makaranta, ku gaya wa malamarsa abin da ke firgita shi da abin da ke kwantar da shi.

Mataki na 10: Ku auna, ku san lokacin neman ƙwararre

Kowane ƙarshen wata ku buɗe littafin nan. Abin dubawa shi ne ko birkicewar ta rage tsawo, ko yana saurin dawowa hayyacinsa, ko ya fara zuwa wurinku da kansa in ya tsorata. Komawa baya na faruwa lokacin rashin lafiya, ƙaura, ko zagayowar lokacin da abin ya auku. In haka ta faru, ku koma mataki na 4 da na 5.

Ku kai shi wurin likitan yara ko ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa idan alamomin sun wuce wata guda ba sauƙi, ko suna ƙaruwa; idan ya daina magana ko ya rasa abin da ya riga ya iya; idan yana ramewa ko ya ƙi abinci; idan yana ji wa kansa ko wasu ciwo; idan yana yawan sandarewa ya zuba ido kamar ba ya wurin; ko yana wasan da ya shafi jima'i wanda ya wuce shekarunsa. Ku nemi a duba jinsa da ganinsa da jininsa, domin rashin ji sosai ko ƙarancin jini kan yi kama da matsalar hali. Kada ku ba shi maganin barci da ba likita ne ya rubuta ba. In babu ƙwararre kusa, ku fara da asibitin da ake yi wa yara rigakafi da awo, ku tafi da littafin, ku nemi a tura ku gaba.